Shingen Sani da Iskar Gibli

Manshiya, da asuba

Ko kiran sallah ba a yi ba na kulle shagon ɗinkina na fito da bargo a kafaɗa. Ku da ke gida za ku yi dariya, bargo a farkon bazara. To, nan ƙasar duwatsu ce, asuba sanyi, hantsi wuta.

Saƙo ne ya tashe ni. Ƙanena Sani, wanda bai daɗe da zuwa daga Damagaram ba, ya karɓi gonar kankana a Samnu a kan a raba amfani. Da mai gonar zai tafi Tarabulus jinya, ya ce masa ya kafa shingen ganyen dabino ta wajen gibli. Sai ga wani mai kawo tumatir kasuwa ya ce Sani yana gaishe ni, wai ya gama shinge tsaf ta alƙibla. A bakin mutanen nan gibli kudu ne, kuma shi ne sunan iska mai zafi da ke tasowa daga can ta ƙone shuka. Sani ya ji kalmar ta yi kama da alƙibla, ya tare gabas ya bar kudu a buɗe. Ga shi ya riga ya gaya mini in gonar nan ta ƙi, bakin teku zai nufa ya shiga kwalekwalen masu tsallaka teku. Ni kuwa na yi wa Inna alkawarin ba zai shiga ba.

Kan hanya

Na samu wuri a bayan wata akori-kura mai kai taki. Direban wani Buzu ne, Agali, mai Hausar Agadas. A bawwaba, wato shingen 'yan sanda, jami'in ya dubi takardata ya ce ai yanzu duk Afirka gida ɗaya ne, ya miƙo mini. Na ce a raina Allah ya sa gobe ma ya tuna.

Bayan Tamanhint duwatsu suka fara, baƙaƙe masu shimfiɗaɗɗen kai. Na naɗe bargo, can na cire taguwa. Agali ya tsaya zuba wa mota ruwa, ya nuna mini kudu da haɓa. Gindin sama ya yi ja, iska ta ɗauke ɗif, ƙudaje sun dame mu. Ya ce haka take yi, in ta yi shiru da safe to da la'asar tana tafe, kuma in ta zo sai ta kwana biyu ko uku. Na roƙe shi ya taka mota, ya taka har haƙorana suna haɗuwa.

Samnu

Na tarar da Sani zaune a inuwar shingensa yana dafa shayi, sai washe baki yake. Gaskiya shingen ya yi kyau, kyan banza. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Yaya, to su mutanen nan kudu suke kallo in za su yi sallah?"

Na ce ya tashi, ma yi fatawa daga baya.

Agali ya fasa wucewa. Ya zagaya gonakin maƙwabta ya kwaso mana mutum biyu 'yan Cadi da wani ɗan Gana mai Hausar zango. Muka dinga tumɓuke ganyen dabino muna kai wa kudu a guje, ƙaya tana tsaga mana hannu. Ɗan Ganan yana ta tsokanar Sani, yana kiransa liman.

Muna ɗaure na ƙarshe iskar ta iso. Kamar an buɗe bakin tanda. Muka shige ɗakin injin ban ruwa muka toshe ƙofa da buhuna. Kwana biyu muna cin taliya mai yaji da yashi a ciki, Sani kuwa yana bakin ƙofa yana sauraren iska. Na tausaya masa ƙwarai.

A rana ta uku iska ta juyo daga arewa, mai sanyi. Muka fita. Kunya biyu na gefe sun ƙone ƙurmus, sauran kuwa kore shar, 'ya'yan kankana kwance a ƙarƙashin ganye. Sani ya durƙusa yana ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya yana dariya, hawaye na zuba. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Komawa

Washegari, bayan ya kai takinsa, Agali ya biyo ta kaina da hantsi. Har na hau mota Sani ya riƙo hannuna.

"Yaya, in ka samu mai zuwa gida, ka ce Inna ta aiko mini da irin kuɓewa. Baɗi nan gefen zan zuba."

Na iso Manshiya kafin azahar, na buɗe shago da tsagaggun hannuwa. Na gode wa Allah, na gode wa Agali da maƙwabtan Samnu. A ranar na samu mai tafiya Damagaram, na ce ya gaya wa Inna a cika mudu da irin kuɓewa, Sani manomi yana nan.