Karin da Kakata Ta Lanƙwasa

Wata Lahadi a birnin Lyon na Faransa ina wucewa ta bakin wata majami'a, sai na ji kiɗa na fitowa daga ciki. Na tsaya cik. Waƙar kakata ce.

A wani ƙauye kusa da Maraɗi na tashi, gidanmu ɗaya ne cikin gidajen Kirista uku. Kaka ta koyi waƙar ne a asibitin kutare na mishan, inda ta bar yatsunta shida. Da damina, in ƙasa ta jiƙa tana ƙamshi, takan zauna a gindin rumbu ta rera ta da Hausa, tana jan ƙarshen baiti kamar mai kiran wani daga nesa, tana tafi da dungulmin hannunta. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun iya amshin.

Na shiga majami'ar, daga baya har na shiga ƙungiyar mawaƙansu. Ranar da muka zo kan wannan waƙa, na rera ta yadda na sani. Shugaban mawaƙan, wani dattijo Bafaranshe, ya ɗaga hannu.

"Madam, kina ɓata karin. Na Jamusawa ne, ba a jansa haka."

Abin ya tsaya mini a rai. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na kwana uku wajen ƙanwar babata a La Courneuve, kullum ina ɗakin karatu ina bin tsofaffin littattafan waƙoƙi. Gaskiyarsa, daga Jamus karin ya fito. Amma kafin ya shiga majami'a, waƙar soyayya ce ta talakawa. Wani limaminsu ya ɗauka ya sauya mata kalmomi. Turawan Ingila suka karɓa suka daidaita ta da bakinsu, sannan ta iso gare mu.

Na koma na shimfiɗa wa shugaban mawaƙan takardun da na kwafo.

"Kowa ya taɓa ta ya lanƙwasa ta," na ce. "Don me sai ta kakata ce kuskure?"

Ya daɗe yana dubawa, bai ce na yi daidai ba. Ni ma ban daina ja ba.

Yau 'yata, haifaffiyar Vaulx-en-Velin a gefen Lyon, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Amma makon jiya ta kawo mini takarda da biro, ta ce in rubuta mata baitocin, kuma in sa alama duk inda ake ja.