Kafintan da Ya Raba Cocin Ubansa

Yayana kafinta ne, kuma Allah ya ba shi murya. Idan ya ɗaga waƙa a coci har gilashin taga sai ya yi rawa, shi ya sa ake ce masa Ƙararrawa. Duk bencinan da muke zama a kai shi ya yi su, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba.

Babanmu ne faston cocin. Ya tsufa, wa'azinsa ya fara tsawo, yakan manta inda ya tsaya. Yaya ya ɗauka shi zai gaje shi. Da dattawa suka kawo wani mataimaki daga waje, sai Yaya ya canza. Bayan sujada yakan tsaya a bakin ƙofa yana riƙe hannun mutane.

"Baba bai zo duba matarka ba? Ayya. Da ni ne, da tuni na zo."

A haka ya janye rabin ikilisiya zuwa shagonsa. Ran Lahadi sai a ture katakai gefe, a share garin katako, a yi sujada. Har bencinan ya aiko a kwasa, wai guminsa ne.

Lahadin da ta biyo baya muna zaune a ƙasa, Baba ya ɗauko daga Littafi Mai Tsarki labarin ɗan sarkin nan da ya sace zukatan jama'a, ya tayar wa ubansa, ƙarshe ya mutu yana lilo a reshen itace. Kowa ya zaci Baba zai yi tsinuwa. Da ya kai wurin da sarki yake kukan ɗansa, sai hawaye suka zubo wa Baba. Ya ce, "Kowa na tuna girman kan yaron. Ba wanda ke tuna tsohon." Ya zauna, bai ƙarasa ba.

Na je na gaya wa Yaya. Ko ɗagowa bai yi daga katakon da yake gogewa ba.

"To, ni ne ɗan tawayen ke nan? A gaban jama'a ya zage ni, a gaban jama'a zai ba ni haƙuri."

"Yaya, kuka fa ya yi."

"Ke, tafi ki ba ni wuri."

Abin da har yau yake ci mini rai, Baba ya je. Da sandarsa, ina riƙe da shi. Ya tsaya a tsakiyar shagon ya ce, "Ɗana, in na yi maka laifi ka yafe mini." Yaya ya juya ya dubi mutanensa ya ce, "Kun dai ji da kunnenku." Ko kujera bai ba shi ba.

Mutanensa sun ji, sun kuma gani. Daga ranar suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun dawo, wasu kuwa ba su sake taka kowane coci ba, kuma wannan ne ya fi karya Baba.

Da Baba ya rasu, Yaya ne ya yi akwatin. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. A bakin kabari na ji shi yana gaya wa wani dattijo irin katakon da ya sa.

Yanzu shi kaɗai ne a shagon, matarsa ma cocinmu take zuwa. Mama takan ce in kai masa abinci, ina kaiwa. Yakan buɗe kwanon ya ce gishiri ya yi yawa.