Sifilin da Ban Ba Hassi Ba

"Malam, ka tuna mai busasshen reshe?"

Haka wata mata ta tare ni yau a kasuwar Ƙaura. Sai da ta yi dariya na gane Hassi ce, ɗalibata a wata firamare wajen Badarawa, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a.

Da damina na sa kowa ya manna ganyen tsiro a kwali, ya faɗi dabarar tsiron ta rayuwa. Duk aka kawo ganye kore shar, sai Hassi ta kawo reshe ba ganye ko ɗaya. Ni ɗan birni na ɗauka lalaci ne, har na zaro jan biro zan ba ta sifili.

Ta ce, "Malam, wanga iccen gawo ne. Da damina yake kakkaɓe ganye, gero ya samu rana da taki. Da rani ya yi toho, awaki su samu ci."

Na mayar da biro aljihu, na ce a yi mata tafi.

Yanzu ita ma malama ce, kuma duk damina da reshen gawo take buɗe darasin.

Ashe ranar ni aka koyar. Malamai 'yan uwana, wa ya taɓa shan kunya mai daɗi irin wannan?