Jiragen Ƙasan Malam Hassoumi

Malam Hassoumi mutumin Damagaram ne, kuma har ya baro Nijar bai taɓa sa ƙafa a jirgin ƙasa ba. Sai da ya zo birnin Greensboro, ya kama aiki a wani sito da ke titin Wendover, sannan ya mallaki jirgi, ba ma ɗaya ba.

Wata Asabar a shekarar 2004 matarsa Ramlatou ta aike shi Pleasant Garden ya sayo kujeru, wajen wata tsohuwa da ta baza kayan marigayi mijinta a ƙofar gida. Ya dawo ba kujera, sai kwali cike da ƙananan kawunan jirgi na wasa, samfurin masu gawayi, kowanne kamar tsawon tafin hannu, da layin dogonsu.

Ramlatou ta leƙa kwalin ta ce, "To Malam, a kan wanne baƙi za su zauna?"

Gareji ya koma tasha. Sai dai jiragen tsofaffin yayi ne: da zarar an ba dogo wutar lantarki, duk wanda ke kai sai ya zabura. Abokin aikinsa Malachy, ɗan Kafanchan da mahaifinsa ya tsufa a reluwe, ya zo ya gani ya ce, "Malam, wannan ai garken tumaki ne." Shi ya ba shi labarin dikoda, wani ɗan abu kamar farce da ake dasawa a cikin kowane kai, a ba shi lamba, ya riƙa jin umarnin da aka yi masa shi kaɗai.

Hassoumi ya sayo, ya sa tabarau biyu, ya kama liƙa wayoyi da dalma. Bai san dole a raba injin da ƙarfen jikin jirgin ba. Yana kunnawa sai ƙauri, hayaƙi ya turnuƙe. Ramlatou ta shigo da gudu, ta tsaya, ta tafa hannu.

"Barka, Malam! Ga hayaƙi, ya zama na gaske!"

"Ba irin wannan ake so ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Bai fasa ba. Ya ƙone yatsa, ya ƙone gefen teburi, har hannunsa ya faɗa. Washegarin Sallah ya gayyato Malachy da maƙwabta, ya jera jiragen, ya ɗauki na'urar sarrafawa ya ce, "Ku kalli baƙin jirgin can, shi kaɗai zai tashi."

Ya danna. Gaba ɗaya suka tashi. Ashe kowace dikoda da lamba iri ɗaya, wato uku, take fitowa daga kamfani, shi kuwa bai sauya ko ɗaya ba. Biyu suka yi karo a kwana, baƙin ya yi baya da gudu, ya sauka daga teburi, ya faɗa cikin kwanon furar Malachy.

Malachy ya tsamo shi yana ɗiga, ya ce, "Babana ya ga haɗari iri-iri, amma bai taɓa ganin jirgi ya nutse a fura ba."

Aka yi dariya har da hawaye, Hassoumi ya fi kowa. A makon ya raba musu lambobi, kowanne ya natsu. Baƙin ne dai har yau in an ce gaba sai ya yi baya, don an juya masa wayoyi. Malachy ya sha cewa ya kawo a gyara. Hassoumi ya ce a bar shi, dattijo ne, yana da ra'ayinsa.