Dajin da Aka Zana a Jikin Rumbu

Shekarar da gonakinmu na kusa da Tasawa suka gaji, gero ya ƙi, wan mijina ya tafi arewa neman inda za mu koma. Mahalbi ne, magana kuwa sai ka ciro ta da ƙugiya. Ya dawo tsakiyar ɗari, ƙafafu duk faso. Da aka tambaye shi abin da ya gani bayan Mayahi, gawayi ya ɗauka ya nufi jikin rumbu.

Ya ja tudun rairayi, ya ja kwari, ya tsayar da itatuwa tsirara, ba bukka, ba hanya. Ko ni da nake jin haushinsa sai da na yaba hannun, don sanyin wurin har a jikina na ji shi. Amma ina da goyo, tsoron ƙishirwa ya kama ni, bakina kuma ba ya da linzami.

"Yaya, wanga ai maƙabarta ce ka zano muna," na ce.

Maza suka yi dariya, maganar tafiya ta kusa mutuwa a nan.

Sai surukata ta taso da sandarta. Idonta ya yi rauni, har sai da ta kai hanci kusa da bangon. Ta bi kwarin da yatsa, ta tsaya inda gawayin ya yi kauri.

"Waɗanga mi ya sa ka cika musu kai?"

"Haka na gan su, Inna. Da ganye."

"A jere?"

"A jere, bin kwari."

Ta juyo gare ni. "Ɗiyata, wane icce ke ganye da ɗari, sauran na tsirara?"

Gawo ne, kowa ya sani, amma ita kaɗai ta gan shi a bangon. Ta ce gawo ba ya jeruwa haka sai saiwarsa ta taɓa ruwa, kuma da damina zai zubar da ganye ya bar wa gero rana. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Muka tashi kafin bazara. Ita ta ce ƙafafunta ba za su kai ba, ta zauna wajen ƙaramar ɗiyarta. Da muka isa kwarin, maza suka yi ta haƙa rijiya, muna auna ruwan salka da ludayi, nonona har ya fara ƙafewa. Ranar da ƙasa ta fito da danshi na zauna bakin ramin na yi kuka.

Ruwan farko da rijiyar ta ba da, mijina ya cika gora ya kai wa surukata da ƙafa. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Da ɗan kanwa," ta ce, "amma shina riƙe min jikana."