Maƙerin da Ya Yi wa Mota Hanci

Dawuda maƙeri ne a Ƙofa, ƙasar Kusada, gadon uba da kaka. Garma da hauya da lauje su ne aikinsa, da damina kuma ya noma ɗan geronsa kamar kowa. Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Kulu takan ce in kana son jin bakinsa, to ka kawo masa abin da ya lalace.

A ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, wata babbar mota ta fara shigowa daga Kankiya. Direbanta Bilya ne, saurayi mai fara'a, wanda ya koyo tuƙi a Kano. Da rani yakan kwashi buhunan gyaɗa, ya dawo da gishiri da kananzir. Da damina kuwa ba a ganinsa, domin akwai wani rafi a hanya da ba shi da gada. Sau ɗaya ya gwada ƙetarewa, injin ya shaƙi ruwa ya mutu a tsakiya, sai da mutanen gari suka jawo motar da igiya.

Ranar nan ce ta haɗa shi da Dawuda. An turo motar gindin tsamiyar da ke gaban maƙera, Bilya ya kwance injin yana shanyawa. Dawuda ya ajiye gudumarsa ya zo ya tsuguna yana kallo. Bilya ya nuna masa wata 'yar tukunyar ƙarfe, ya ce ta nan mota ke shan iska, kuma da wuta take tafiya a cikinta.

"Ashe maƙera ce ke gudu," in ji Dawuda. "To mi ya sa aka yi mata hanci ƙasa haka?"

Bilya ya yi dariya, ya ce haka Bature ya ƙero ta. Maganar ta tsaya nan.

Bayan shekara biyu aka yi fari, amfanin gona bai yi kyau ba. Kafin damina ta gaba ta yi tsakiya rumbuna sun yi fayau, mata suna dafa tafasa da rama ba ko gari. Hatsi na nan a kasuwar Kankiya, amma jakuna sun rame, rafi kuma ya cika. Dawuda ya ɗauki sanda ya taka har Kankiya, ya iske Bilya a tasha. Ya ce masa yana son ya yi wa motar dogon hanci.

Bilya ya ce motar ba tasa ba ce. Sai ya kai shi wurin mai ita, Alhaji Kabo, wanda mahaifiyarsa 'yar Bauranya ce, can wajen Ƙofa, ya san halin da ake ciki. Alhaji ya ce su gwada, in ta lalace shi ya ɗauka.

A maƙerar wani abokin Dawuda a nan Kankiya suka yi aikin. Dawuda ya yanka garewanin kananzir, ya naɗe su ya yi bututu, ya liƙe da dalma. Bilya ya nuna masa inda za a haɗa da tukunyar iska, shi kuma ya nannaɗe wayoyin wuta da roba ya shafe da giris. Bututun ya fito ta gefe, ya miƙe har saman kan direba. Gwajin farko bai yi ba. Motar ta tashi, amma tana kaiwa hawa sai ta riƙa tari tana baƙin hayaƙi. Dawuda ya kara kunnensa ya saurara, ya ce bakin ya yi ƙunci, wutar ba ta ƙoshi da iska. Ya wargaza ya sake mai faɗi, ya rage lanƙwasa, ya kuma yi masa 'yar malafa a sama don ruwan sama.

Da hantsi suka iso rafin da lodin dawa da garin rogo, mutane sun yi cincirindo a ɗaya gaɓar. Bilya ya yi bisimilla ya saka motar cikin ruwa. Ruwa ya shanye tayoyi, ya taso har ƙofa, ya jiƙa musu ƙafafu. Dawuda ya riƙe ƙarfen gabansa, bakinsa yana motsi. Injin bai yi shiru ba. Da suka hau tudu, wata tsohuwa, Nagoggo, ta kama hannun Bilya tana hawaye.

Har aka ci sabon gero motar tana zuwa duk ranar kasuwa, sai in rafin ya yi hauka. Mutanen Ƙofa suka yi wa gonar Dawuda gayya ba tare da ya roƙa ba, liman kuma ya sa masa albarka bayan sallar Juma'a. In aka yi masa godiya yakan ce a gode wa Allah, a gode wa yaron da ya yarda ya shiga ruwa.

Daga baya direbobi biyu sun zo Dawuda ya yi musu irin bututun, sannan aka gina gada, buƙatar ta wuce. Ya koma garmarsa. Da ya tsufa idonsa ya yi yana, Bilya ne ya zo da kansa, lokacin ya mallaki motarsa, ya ce, "Baba, tashi mu tahi Katsina a duba ka." Aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe, da shi ya ci gaba da ƙira har Allah ya karɓi abinsa.