Kiɗan Ƙwaryar Ranar Alhamis

Gwaggona ce ta iya kiɗan ƙwarya a danginmu. Ƙanwar babana ce, kuma a zamanin ƙuruciyarta ba a yin biki a unguwarmu ta Gwarzo ba a aiko mata da goron gayyata ba. Da ta tsufa idanunta suka mutu, 'ya'yanta kuma duk sun yi nisa, sai na roƙi maigidana ya bar ni na ɗauko ta ta zauna da mu. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Gammo, kullum ta Kabo nake bi na je na dawo. Idan na shigo gida da yamma nakan tarar da ita a bakin ɗakinta tana buga yatsu a murfin kwano, tana waƙa ƙasa-ƙasa, ba mai saurare.

Wata rana na ce wa 'yan matan ajina su yi mini waƙar gaɗa ko guda ɗaya. Suka yi ta kallon juna. Waƙar fim kam sun iya ta daga farko har ƙarshe. Niƙa inji ya karɓe, daka ma haka, waƙoƙin da iyayenmu ke yi a kan dutse da turmi sun tafi tare da aikin. Da na ba Gwaggo labari sai ta ce duk suna nan a kanta, ta dai rasa wanda za ta ba, da alama da su za a binne ta.

Daga nan muka fara. Muka zaɓi Alhamis bayan la'asar, tunda ba Islamiyya. Maigidana ya yarda bisa sharaɗi biyu: mata da yara kawai, kuma a tashi kafin kiran magariba. Na tattaro ƙoren gidanmu na kife su a tsakar gida, na cika baho da ruwa na kife ɗaya a kai, na samo shantu a wurin wata tsohuwa, na fere 'yan sanduna.

Yara ne suka fara zuwa. Gwaggo ta kafa dokarta tun ranar farko, cewa ba a korar kowa, ba a kuma ce wa kowa muryarsa ba daɗi. Idan yaro ya ɓata kiɗa sai ta yi dariya, ta laluba hannunsa ta gyara masa riƙon sanda. Iyaye mata kuwa da sunan kiran 'ya'yansu suke shigowa. Za ki ga mace ta tsaya a bakin soro da mayafinta tana cewa sauri take, can sai ki ga ta zauna a gefen tabarma, can kuma ta karɓi amshi. Na ga matar wani babban ɗan kasuwa da matar ɗan garuwa suna buga ƙwarya ɗaya. Maƙwabtana biyu da suka daɗe ba sa gaisawa saboda rigimar kwata, ɗaya ta ba da waƙa ɗaya ta amsa, ba wanda ya ce musu su shirya.

Akwai wata mai nono da ke zuwa daga wani ƙauye a Kara. Danginsu da kiwo aka san su, amma sun daɗe da zama suna noma. Alhamis takan biyo ta gidanmu da 'yarta a bayanta. Yarinyar ta isa shiga makaranta, sai dai kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye, kuma ba malamin da ya san yadda zai yi da ita. Ba ta da wata magana sai ta hannu, wadda ita da uwarta suka ƙirƙiro tsakaninsu, ba mai gane ta sai su biyu.

Ranar da suka tarar da mu muna kiɗa, uwar ta auna mini nono za ta fita, Gwaggo ta ce su zauna. Uwar ta ce ai yarinyar ba ta ji.

Gwaggo ta ce, "Ni ma ba na gani. Miƙo mini hannunta."

Ta ɗora tafin yarinyar a bayan ƙwaryar da ke kan ruwa, ta buga. Yarinyar ta zabura ta janye hannu, ta dubi uwarta, sannan ta mayar da shi da kanta. Gwaggo ta ci gaba da bugawa a hankali. Kafin mu tashi yarinyar ta karɓi sanda. Ita ba ta jin Gwaggo, Gwaggo ba ta ganinta, amma daga ranar kullum gwiwarsu a haɗe take, kuma tsohuwar ba ta fara waƙa sai ta laluba ta ji yarinyar na nan. Yaran da a da suke tsokanarta a hanya suka koma rububin zama kusa da ita, domin hannunta ba ya kuskure. Uwar kuma, wadda da farko ko kai ba ta ɗagawa, ta koya mana waƙoƙin tatsa da ta ji a bakin kakarta. Gwaggo ma ba ta san su ba, ta zama ɗaliba.

Mun yi rani mun yi damina a haka, har na fara tunanin abin zai ɗore.

Sai 'yar yayar maigidana ta zo hutu. Tana karatu a Kano, yarinya ce mai kirki. Kiɗan ya burge ta, ta ɗauke mu a waya ba mu lura ba, ta sa a intanet. Nufinta mutane su ga al'ada, wataƙila kuma a sami wanda zai kai yarinyar makarantar kurame. A ranar an yi sa'a ko rashinta, kiɗa ya yi daɗi, yarinyar ta ja hannun uwarta suka tashi suna juyi, ɗankwalin uwar ya zame ya faɗi, ita kuma tana ta dariya. Wani da har yau ba mu san shi ba ya yanke wannan wurin kaɗai, ya cire kiɗanmu ya ɗora wani, ya rubuta cewa ga abin da matan aure ke yi a Gwarzo idan mazansu sun fita.

Maigidana a majalisarsu aka nuna masa. Ya dawo bai ci abinci ba. Washegari mai unguwa ya kira shi, ya yi masa magana cikin mutunci. Ya ce kowa ya san kiɗan ƙwarya a tsakanin mata ba sabon abu ba ne, uwarsa ma ta yi, amma a da katanga na rufe abin da ke cikin gida, yanzu kuwa ba ta rufewa. Bai ce a daina ba. Ba sai ya ce ba.

Alhamis ta zagayo na kife ƙore kamar kullum. Yara kaɗan suka zo, su ma aka aiko aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Iyayen suka riƙa turo mini saƙon ban haƙuri. Wata ta ce mijinta ya rantse idan ta sake taka gidana ta wuce gidansu daga nan. Gwaggo ta zauna da sanda a hannu tana tambayata ko mai nono ta iso, har aka kira magariba.

Da Asabar na tafi Kara. Na sami gidan da tambaya. Surukar mai nono ce ta karɓe ni, muka gaisa doguwar gaisuwa, ta kawo mini ruwa, sannan ta gaya mini. Ranar kasuwa a Kabo wasu samari suka nuna wa ƙannen mijin hoton suna dariya. Kafin dare an ba mai nono takardar saki. Ta koma gidan iyayenta, yarinyar kuma uban ya ce a gidansa za ta zauna.

Muna cikin magana yarinyar ta fito daga bayan rumbu. Ta rugo ta kama hannuna, tana nuna hanya, tana yin wasu alamu da sauri, tana kallon bakina. Ban gane ko ɗaya ba. Kakarta ta ce haka take yi wa duk wanda ya shigo, kuma ba wanda ya iya gaya mata inda uwarta ta tafi ko me ya sa.

Na nemi uwar a ƙauyensu, can gaba da Kabo. Ta rame. Na yi zaton za ta ga laifina, amma sai ta shimfiɗa mini tabarma ta tambayi jikin Gwaggo. Ta ce tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa rawa ba sai ranar, ita ma don 'yarta ta ja ta ne, ba ta so ta ƙi. Sannan ta ce, "Malama, saki ba komai ba ne, an saki waɗanda suka fi ni. Wa zai gaya mata ba guduwa na yi na bar ta ba?"

Maigidana da mai unguwa sun je wurin mijin roƙon ya mayar da ita. Mijin ya ce shi ya san matarsa ba ta yi abin kunya ba, amma ba zai iya shiga kasuwa ana nuna shi ba. Suka dawo haka. 'Yar yayar maigidana ta goge hoton tana kuka, alhali ya riga ya shiga wayoyin da ba ta san masu su ba.

Gwaggo ba ta ƙara waƙa ba. Na sha roƙonta ta yi mini ni kaɗai don na riƙe, sai ta ce ta gaji, a bari sai gobe. Ta rasu da kaka. Abin da ya rage a kaina guntaye ne, farkon wannan da amshin waccan.

Mai nono an ce ta yi wani auren can wajen Katsina. Na koma Kara na yi wa uban yarinyar maganar makarantar kurame, ya ce ya gode, amma abin da aka yi musu ya isa haka. Matan unguwa muna haɗuwa a suna da biki, muna gaisawa lafiya lau, ba mai tayar da zancen. Da wata ta ciro waya sai hira ta tsaya, kowa ta ja mayafinta ta rufe fuska, har ni.